Askar Solingen mai faɗin 5/8: kaifi akwai, amma sai da hidima

Wata shida ke nan ana gyaran fuska da wannan aska kwana bibbiyu, kuma ta fannin aski ba ta da makusa. Ƙirar Solingen ce ta Jamus, garin da ya yi suna wajen wuƙaƙe da almakashi. Faɗin ruwanta 5/8 na inci, wajen milimita 16, an rarake gefenta biyu har bakin ya yi siriri kamar takarda, kan kuma a zagaye yake, don haka ba ta cika sukar kunne ko gefen hanci ba. Ga mai koyo wannan faɗin ya fi 7/8 sauƙin juyawa a ƙarƙashin haɓa.

Sai dai askar ita ce mafi ƙanƙantar abin da za ka saya. Dole ka haɗa da fatar wasawa, burushi, sabulun aski da alif na tsayar da jini. Kafin kowane aski a ja ta a kan fata sau 40 zuwa 50, bayanta a gaba, bakin yana biye. In an kai ƙarshe a juya ta a kan bayanta. Wanda ya juya a kan baki zai yanke fatar, ya kuma lanƙwasa kaifin, gobe ya ji tana tsinkar gashi maimakon yanka. Fata miƙe baki kawai take yi. Idan askar ta dakushe sosai, bayan wata biyu ko uku, sai dutsen wasawa: mai kaushi, lamba 1000, in bakin ya lalace, sannan masu laushi, 4000 da 8000, a kwantar da ita gaba ɗaya, baya da baki duk suna taɓa dutsen, ba dannawa.

A fuska, a ɗaga bayanta kamar kaurinsa biyu daga fata, kada ya wuce digiri 30. Fiye da haka kankara take yi, daga nan ƙuraje da raɗaɗi. Ɗaya hannun ya ja fatar ta miƙe, a fara bin kwanciyar gashi. Mai ajiye gemu zai fi kowa morarta, domin wajen fitar da layin saje da share wuya babu rezar da ta kama ƙafarta. Kuma aska ta mutum ɗaya ce. Ba banza ba wanzamai da yawa suka koma mai canjin reza.

Abokin gabarta tsatsa. Ƙarfen ba mai jure ruwa ba ne, ɗigo ɗaya ya kwana a mahaɗar ƙota sai ka ga baƙin tabo. A goge ta, a bar ta a buɗe ta sha iska, da damina a shafa mata ɗigon man keken ɗinki.

Wannan hidimar ce ta raba ta da soja. Aski a rundunar yaƙi tsohon zance ne: Plutarch, tsohon marubucin tarihi na Girka, ya ruwaito cewa Iskandar na Makidoniya ya sa mayaƙansa aske gemu don kada abokin gaba ya samu abin kamawa. Sojan Ingila kuwa daga 1860 har 1916 doka ta hana shi aske gashin baki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya lissafi, saboda takunkumin kariya daga iskar guba ba ya kama fuska mai gemu, kuma wa ke da sukunin fata da dutse a cikin ramin yaƙi? A 1918 kamfanin Gillette ya kai wa sojan Amurka reza kusan miliyan 3.5, suka koma gida da ita a aljihu, kasuwar aska ta fara ja da baya.

Mai sha'awar tara tsofaffin askake, irin na Sheffield a Ingila ko na Thiers a Faransa, ya fara duba bayan askar: in ya cinye ya yi faɗi, an wasa ta har ta gaji. Baki mai tsaguwa kada ma a taya. Idan kuma tsatsa ta bi daidai sashen da ke shiga cikin ƙota, ƙotar tsohuwar roba ce da ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. A ware askar nan take, kada ta kwana akwati ɗaya da sauran.