Kafin ka karɓi ƙungiya a lig ɗin hoki na intanet, duba yadda suke cinikin 'yan wasa

Lig ɗin hokin ƙanƙara na intanet aikin ofis ne. Mutum 32 ne, ko ƙasa da haka, kowa ya riƙe ƙungiya ɗaya irin ta gasar NHL ta Amurka da Kanada, manhaja ta buga wasannin, sakamako ya fito. Naka shi ne sanin wa zai hau, wa zai sauka, wa za a sayar, nawa za a biya wane. Duk wanda ya taɓa raba dare a kan Football Manager, wasan kwamfuta na jagorancin ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya san daɗin abin. Bambancin kawai, a nan abokan cinikinka mutane ne masu rai, kuma in ciniki ya ɓaci ba a komawa baya a sake lodawa.

Sabon shiga yakan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi. Tambaya ce mai kyau, amma ba ita za ta hana ka barci ba. Abin da zai sa ka daɗe a lig ko ka gudu bayan kaka ɗaya shi ne dokar da suka kafa kan ɗaukar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Duk da haka mu fara sallamar maganar manhajar.

SimonT Hockey Simulator, wadda ake kira STHS, ita ce ta tsofaffin hannu. Kwamishinan lig, wato mai gudanar da shi, ne ke riƙe da injin a kwamfutarsa, kai kuma ka tura masa jerin 'yan wasanka da yadda ka jera layukansu. Ba ta da ado, shafukan lambobi ne zalla, kuma yawancin lig-lig suna sabunta makin kowane ɗan wasa duk shekara bisa abin da ya yi a NHL ta gaske. Wato sai kana bin gasar ta zahiri, don in tauraronka ya yi kakar banza a can, kai ma za ka sha a nan. Franchise Hockey Manager ta kamfanin Out of the Park Developments, wadda ta fara fitowa a 2013, tana da lasisin NHL, kuma duniyarta daban take: matasa su girma, tsofaffi su gaji, duk a cikin injin. Sai dai kowane manaja sai ya sayi nasa kwafin, kuma in lig ya koma sabon fitowa, ka sake zura hannu a aljihu. Eastside Hockey Manager ɗan uwan Football Manager ne uwa ɗaya uba ɗaya, daga Sports Interactive na Landan, don haka hannunka zai saba da shi nan take. Amma tun na 2015 ba a fitar da sabo ba, masu sha'awa ne ke ta yi masa ɗori da sababbin sunayen 'yan wasa. Don wasan kai kaɗai ya yi. Don lig mai ɗorewa, ni ba zan fara da shi ba.

Akwai kuma Fantrax, wanda a gaskiya ba inji ne mai buga wasa ba, maki ne ake tarawa daga wasannin gaske kamar Fantasy na Firimiya. Na sako shi ne don yana ba da damar sa kwantiragi da rufin albashi, wato iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe kan albashin 'yan wasanta, kuma waya ta ishe ka. Wanda ba shi da kwamfuta ya fara daga nan.

To, batun kuɗi. Kusan duk lig mai mutunci yana kwaikwayon dokokin NHL, ko da an ɗan sassauta. Tun bayan rikicin da ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta aka kafa rufin albashi, ya fara da dala miliyan 39, a kakar 2025 zuwa 2026 ya kai miliyan 95.5. Babbar ƙungiya ba ta wuce mutum 23, 20 ne ke sa riga ranar wasa, ciki har da gola biyu, kuma jimillar kwantiragin da ƙungiya za ta riƙe, har da na yaran ƙaramar ƙungiyarta da ke buga gasa ta ƙasa da NHL, bai wuce 50 ba. Raba miliyan 95.5 gida 23 ka gani: miliyan huɗu da 'yan kai ne rabon kowa. Duk wanda ka ba miliyan goma, to ka yanke wa wasu mutum biyu ko uku hukuncin zama a kan mafi ƙarancin albashi, dala 775,000 a waccan kakar. Abin da ake lissafa maka kuma shi ne matsakaicin kuɗin kwantiragin a shekara, ba abin da ɗan wasa ya karɓa a wannan shekarar ba.

'Yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare iri biyu ne. Wanda ya kai shekara 27, ko ya yi kaka bakwai a gasar, ya zama ɗan kansa, ranar 1 ga Yuli ya tafi inda ya ga dama. Wanda bai kai ba yana nan da igiya a ƙafa: wata ƙungiya na iya taya shi, amma uwar gidansa tana da kwana bakwai ta biya daidai abin da aka taya ta riƙe abinta, ko ta sallama ta karɓi guraben zaɓen matasa a matsayin diyya, wato damar ɗaukar sababbin 'yan wasa a zaɓen da ƙungiyoyi ke yi zagaye-zagaye duk shekara. A 2021 Carolina ta taya Jesperi Kotkaniemi na Montreal dala miliyan 6.1 na shekara ɗaya, Montreal ta sallama ta karɓi gurbin zagaye na ɗaya da na uku. A 2024 St. Louis ta yi wa Edmonton haka da mutum biyu lokaci guda, Philip Broberg da Dylan Holloway, don ta ga kasafin Edmonton ya cika maƙil. A gasar gaske ba kasafai ake yin wannan ba. A lig ɗin intanet kuwa, inda babu mai jin kunyar kowa, in doka ta yarda da shi, to ka sa a ranka za a yi maka.

Yadda ake raba waɗanda suka zama 'yan kansu, nan ne lig-lig suka sha bamban.

Wasu gwanjo suke yi a fili. Ka taya, wani ya ɗora, agogo ya koma farko, sai an yi awa 24 babu wanda ya ƙara sannan a sallama. Ba a zargin kowa da maguɗi, kuma akwai armashi. Amma farashi yana hawa har ya fita hankali, don mutum ba ya son a ce an fi shi. Sannan ga matsalar agogo ga wanda ke zaune a wannan ɓangaren duniya. Ƙarfe goma na dare a Toronto a watan Yuli, ƙarfe uku na dare ne a Kano ko Maraɗi. Na taɓa bin wani gola kwana huɗu ina ɗorawa, na kwanta da tabbacin saura awa biyu ya zama nawa. Da asuba na duba, wani ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, agogo ya koma farko. Washegari wuta ta ɗauke, waya ta mutu, kafin in samu caji an sallama masa. Haushi ya sa na juya na zuba kuɗin a kan wani ɗan baya mai shekara 33, na ba shi shekara huɗu. Kaka biyu na ƙarshe ina kallonsa a benci yana cin kasafina.

Wasu kuma tayi a rufe suke yi. Kowa ya tura wa kwamishina nasa kafin ranar da aka tsayar, a buɗe gaba ɗaya, mafi tsoka ya ɗauka. Wannan na fi so, kuma shi zan ba duk mai aiki ko mai fama da intanet shawara. Ka zauna da takarda da biro ka yi lissafinka sau ɗaya, ka tura, ka je ka yi barcinka. Haɗarinsa biyu ne. Kana iya cin duka tayinka biyar ka wayi gari ka haura rufi, don haka tambaya ko ana barin mutum ya jera su bisa fifiko. Na biyu, in kwamishina ma yana da ƙungiya a lig ɗin, waye ke ganin nasa tayin? Lig na kirki yana da mutum na biyu da ake ajiye wa tayin kwamishina tun kafin ya buɗe na jama'a. In ka tambaya aka yi maka kwana-kwana, ka san inda dare ya yi maka.

Tsari na uku shi ne na dillali: a naɗa mutum ko kwamiti ya tsaya a madadin 'yan wasa, ya duba kuɗi, ya duba ko ƙungiyar na da alamar cin kofi, ko ɗan wasan zai samu lokaci a kan ƙanƙara, yana iya ce maka albarka ko da kai ka fi kowa tayi. Shi ya fi kama da gaske, shi kuma ya fi haddasa rigima, don wanda aka hana ba ya taɓa yarda cewa ba sanayya aka yi ba. Ya dace da lig ɗin da mutanensa suka daɗe tare. Baƙo ya yi hattara.

Akwai masu kwafo albashin NHL kai tsaye, babu ciniki. Ba ciwon kai, amma rabin wasan ya tafi, kuma kuskuren wani manaja a can kai za ka biya.

Kowanne ka zaɓa, karanta abin da dokarsu ta ce kan fita daga mummunan kwantiragi. A NHL, in ka sallami mai shekara 26 zuwa sama, za ka biya kashi biyu cikin uku na ragowar kuɗinsa, a shimfiɗa a kan ninki biyu na shekarun da suka rage. Mai cin miliyan shida da saura shekara uku, miliyan 12 ke nan, miliyan biyu duk shekara har shekara shida, ga mutumin da ba ya buga maka. New York Islanders ta ba golanta Rick DiPietro shekara 15 a kan dala miliyan 67.5 a 2006, ta sallame shi a 2013, kuma za ta ci gaba da biyansa miliyan ɗaya da rabi duk shekara har 2029. Lig ɗin da ke barin mutum ya jefar da kwantiragi kyauta, gwanjonsa hauka ne, don babu mai tsoron gobe. Haka ma batun mayar da ɗan wasa ƙaramar ƙungiya: wanda ya kwana biyu a gasar sai an baje shi awa 24, duk mai so ya ɗauke shi kyauta, na ƙasan tebur ke da fifiko. Nan ne sabon manaja ke yin asarar ɗan wasa mai amfani don kawai yana neman gurbi ɗaya.

Kuma da wuya a ba ka ƙungiya fes. Gurbi yana samuwa ne don wani ya tafi, kuma mai ƙungiya mai cin kofi ba ya tafiya. Kafin ka ce na karɓa, nemi shafin kasafinta. Tsallake na bana, je ka na shekara ta uku mai zuwa, ƙirga mutum nawa da suka haura 32 za su kasance suna cin kuɗi a lokacin. Duba ko guraben zaɓenta na zagayen farko suna nan ko wanda ya gabace ka ya sayar da su ya yi gaba. In babu gurabe, kasafi kuma ya cika, tambayi kwamishina ko ana yafe wa sabon manaja kwantiragi ɗaya. Wasu lig-lig suna yi. In nasu ba ya yi, ka ce masa albarka, ka jira wata ƙungiyar.