Naitiro ko fentin mota 2K: wanne za ka fesa wa jitarka?

Ƙanena, tsakanin biyun da ka tambaya, naitiro (wato fentin katako mai ƙyalli da ake kira nitrocellulose) za ka saya. Jitar da ke rataye a ɗakina yanzu da shi na gama ta, jikinta katakon maɗaci ne da na zaɓo da hannuna a Kasuwar Katako, kuma har yau duk wanda ya ɗauke ta sai ya shafa bayanta kafin ya taɓa tsirkiya.

Abin da ya sa na ƙaunace shi, yana yafe kuskure. Rana ta biyu da fara feshi hannuna ya tsaya wuri ɗaya, fentin ya zubo kamar hawaye a gefen jitar. Na zauna a kan benci na yi tagumi, na ce shi ke nan, aikin wata biyu ya tashi a banza. Wani dattijon kafinta a layinmu ya leƙo, ya yi dariya, ya ce in bar shi ya kwana. Washegari ya sa reza ya kankare tudun a hankali, ya bi da samfefa mai lamba 400, ya ce in sake fesawa. Wallahi ko ni da na san wurin ban ƙara gane shi ba. Dalili shi ne naitiro tina ce, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ke riƙe da shi, tana tashi ya bushe, kuma sabon shafi yana narkar da na ƙasa su haɗe su zama ɗaya. Da irinsa kamfanonin jita Fender da Gibson suka gama jitocinsu na shekarun 1950, Gibson ma har yanzu ba ta bar shi ba.

Sai dai yana son haƙuri. Maɗaci katako ne mai ƙofofi, dole ka cike su tukun, ka bi da sila, wato shafin farko mai toshe katako, ka goge da samfefa mai lamba 320. Sannan shafi uku a rana, siriri siriri, awa guda tsakani, bakin bindigar feshin kamar taƙi ɗaya daga katakon. Shafi 9 zuwa 12 ya isa. Daga nan ka rataye jitar ka manta da ita mako uku ko huɗu. In ka kai hanci ka ji warin tina, ba ta nuna ba. Sai warin ya tafi za ka goge da samfefa da ruwa, daga mai lamba 800 har 2000, ka yi folish.

Ka kula da yanayin Jos. Na taɓa fesawa da yammacin wata rana a Agusta bayan an ɗauke ruwa, sai ga jikin ya yi fari fat kamar hazo ya sauka a kai. Laima ce ta maƙale a ciki, domin tina tana sanyaya wurin yayin da take tashi. Tsakiyar hunturu kuma ƙura ce za ta zauna maka a kan ɗanyen fenti, ga sanyin asuba da ke hana shi kwanciya. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi dacewa, da hantsi, kuma ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara. Kuma kada janareto ko risho ya kusanci wurin, abin nan wuta yake jira. In ka gama, kar ka jingina jitar a kan abin ajiye jita mai roba, roba tana cin naitiro.

2K kuwa, wato fentin motar da ake haɗa shi da sinadarin busarwa kafin a fesa, to, yana da ƙarfi, kwana ɗaya ko biyu ya bushe, ƙyallinsa kamar gilashi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Na kai wa wani mai fentin mota jitata ta farko, ya labta mata shi kamar bonet, ta dawo da nauyi, da ta ƙwarzane kuma gyaran ya bar zobe da ake gani daga nesa, don sabon shafi ba ya narkewa cikin tsoho. Sinadarin busarwar da ake haɗa shi da shi yana iya jawo asma, takunkumin tsumma ba ya tare shi. Ba kayan tsakar gida mai yara ba ne. Shi ma naitiron ka sa takunkumi mai matata biyu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tina a gorar ruwa. An taɓa sayar mini da wadda aka sirka da kalanzir, fentin ya dunƙule a kofi kamar madarar da ta tsinke. Wasu kuma tsohon gwangwani mai suna suke cikawa da na banza su matse murfin. Ka duba bakin murfin, in da alamar an taɓa ɓalle shi, ajiye musu kayansu. Ka ɗiga tinar a kan farar takarda a gabansu: ta ƙwarai nan take za ta tashi ba tabo, mai sirki za ta bar maiƙo. Lita ɗaya ta naitiro, da sila da tina daga shago ɗaya, ka gwada a kan guntun maɗacin da ya rage maka kafin ka doshi jitar.