Reigns: ƙoshi ma yana kashe sarki

Sarkina na farko a wannan wasa bai yi shekara 10 a kan karaga ba. Janar ya zo neman ƙarin sojoji, na ce a ƙara masa. Ya sake dawowa, na sake amincewa. Ina kallon alamar takobi tana cika ina ta murna, a zatona ƙarfi nake tarawa, ashe rami nake haƙa wa kaina. Ba a jima ba janar ɗin ya yi mini juyin mulki, wasa ya ɗauko magaji ya ɗora, aka ci gaba kamar ba a taɓa yin ni ba.

Reigns ke nan. Kamfanin Nerial ne ya ƙirƙire shi, Devolver Digital ya fitar da shi a watan Agustan 2016, ana buga shi a waya da kwamfuta. Masarautar ƙirƙirarriya ce, mai kama da Turai ta zamanin da, akwai mayya da fatalwa da ƙwarangwal mai magana. Bugunsa kuwa ko yaro zai iya: kati ya fito ɗauke da fuskar wani yana neman abu, ka ja shi hagu ko dama da yatsa, shi ke nan ka yanke hukunci.

Inda gizo ke saƙar shi ne alamomi 4 da ke saman allo: coci, talakawa, sojoji da baitulmali. Kowacce ta ƙare, ka mutu. Kowacce ta cika maƙil, nan ma ka mutu. Wannan na biyun ne ya fi burge ni. Na taɓa yin wani sarki mai mugun tsumulmula, asibiti ya hana, biki ya hana, kuɗi suka yi ta taruwa har ma'auni ya cika. Sai aka shirya masa gagarumar liyafa, ya ci, ya ci, har abinci ya shaƙe shi. Na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai.

Kafin ka saki katin, wasu ɗigo-ɗigo suna bayyana a kan alamomin da hukuncinka zai taɓa, babba ko ƙarami, amma ba za su gaya maka sama za a yi ko ƙasa ba. Sai ka karanta maganar mutum da kyau, ka auna shi. A hankali na lura na daina tambayar kaina mene ne daidai. Na hana talakawa abin da suka cancanta don kawai sun fara so na da yawa, na biye wa limamin coci a kan abin da na san zalunci ne saboda ma'auninsa ya yi ƙasa. Wallahi sai da abin ya ɗan dame ni, duk da wasa ne.

Akwai labari a ƙarƙashin duk wannan. Zuriyar tana farawa a shekara ta 603, kuma la'ananniya ce: Shaiɗan yana bayyana a 666, ya dawo a 1332 da 1998, burinka shi ne ka samo dabarar da za ka yaudare shi. Ba zan ɓata wa kowa ba.

Laifinsa ɗaya, maimaici. Bayan sarki na 20 ko 30 sai ka ga ka haddace rabin katunan, kana ja ba tare da karantawa ba, sabon kati kuma sai ya ga dama yake fitowa. Sashen kurkukun ƙarƙashin ƙasa da faɗan takobi ma ba su yi mini ba, sun fi kama da canki-canka. Ga shi rubutu ne zalla, ni da Turanci na buga, wanda bai saba da barkwancin Turawa ba rabin daɗin zai wuce shi.

Wasan zaman jira ne, minti 10 ko 15, ba na kwana a kai ba. An yi masa ƙanne, irin su Reigns: Her Majesty a 2017 inda kake sarauniya, amma ni har yanzu ina kan na farkon. Sarkina mafi daɗewa ya yi shekara 41, kuma talakawan da na yi ta lallaɓawa ne suka fasa fada suka kore shi.