Sahad: kantin da ya ga zuwan Shoprite Kano, ya kuma ga tafiyarsu

Masu tambayata a inbox wai ina ya fi dacewa a je haɗa lefe ko siyayyar sallah ba tare da an sha rana ba, to amsata dai Sahad ce, musamman reshensu na Zoo Road, amma ku tsaya ku ji dalili kafin wani ya ce an biya ni kuɗin talla, wlh ko ruwan leda ba su ba ni ba.

Abin da ya sa nake ganin girman wurin nan shi ne manyan kantuna ba sa daɗewa a ƙasar nan. Ku tambayi iyayenmu labarin Kingsway na kamfanin UAC, wanda aka fara buɗewa a Legas a 1948 daga baya ya zo har Kano, ga Leventis ga UTC, a lokacin in ma'aikaci ya ɗau albashi can yake nufa ya siyo kayan Ingila. Da kuɗin mai ya ja baya aka takura shigo da kaya, sannan SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, ya zo a 1986 naira ta faɗi, sai suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya tunda kusan duk abin da ke kan kantarsu daga waje yake zuwa. Shoprite ƴan Afirka ta Kudu suka shigo Najeriya a 2005 ta Legas, a 2014 suka iso Kano da aka buɗe Ado Bayero Mall, kowa ya tuna yadda gari ya ɗauka, wasu ba siyayya ke kai su ba sai ɗaukar hoto da shan esi da layin burodi. A 2021 masu shi na asali suka sayar da kasuwancinsu na Najeriya, Janairun 2024 kuma reshen Kano ya rufe. Shekara goma ma ba su cika a Kano ba.

Shi kuwa mai Sahad, Alhaji Ibrahim Mijinyawa, daga Mandawari cikin gari ya faro, yau ga shi har Abuja yana da manyan rassa, na Area 11 kam duk wanda ya zauna Abuja ya san shi. A ganina sirrin bai wuce ya san abin da Bakano ke kashe wa kuɗi ba. Mu fa ba cukui da naman gwangwani ne damuwarmu ba, damuwarmu atamfa da shadda da leshi da mayafi da turare da akwatuna da kayan kicin na amarya, kuma duk suna nan a gini ɗaya, ka gama da ɓangaren yadi ka wuce na takalma da jaka ka ƙarasa na kayan abinci ka ɗau madara da sukari da taliya ka biya ka fita. Uwar amarya da da sai ta yi Kwari ta yi Sabon Gari ta yi Singa a yini guda, nan za ta iya rage rabin wahalar. Kuma mace za ta shiga da yaranta hankali kwance ba mai ja mata mayafi yana Hajiya zo ki gani.

Sai dai a san irin wurin da za a shiga. Farashi a manne yake jikin kaya, babu albarka babu a rage min babu kawo na cika maka gobe, abin da ka gani shi za ka biya. Ni hakan ya min, don ban iya ciniki ba, in ɗan kasuwa ya ce min goma kunya nake ji na ce biyar. Amma wacce ta iya baki kuma tana da mutuminta a Kwari da suka saba shekara da shekaru, musamman in turmi da yawa za ta ɗauka, to gaskiya ta fara leƙa can ta ji farashi tukuna, sari daban siyan ɗaiɗai daban. Haka shinkafa da mai in buhu da jarka kake so, Singa ce gidansu, kanti na mai ɗaukar kaɗan ne.

Lokacin zuwa ma abin lura ne. Goman ƙarshe na azumi kowa ya san yadda Zoo Road take komawa, go-slow tun daga titi ga ƴan adaidaita ga masu neman wurin fakin, duk wani kanti da ke Kano a cike yake a kwanakin nan. In da hali a je da safe tsakiyar sati, kuma a rubuta lis tun daga gida, don in ka tura keken nan ba lis sai ka ga ka ɗau filas da labule alhalin sabulu ka zo siya.

Wanda zai haɗa lefe shawarata ya tafi da yayarsa ko gwaggonsa, su suka san wace atamfa ake yayi da wacce dangin amarya za su taɓe baki in an buɗe akwati.