Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser a Katsina da Daura: a kula da mai canjin aksul na Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da yake tallata kansa a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu motoci, wai yana shigo da kurawun da finiyo, wato ƙarafa biyu masu haƙora da ke cikin aksul suna juya tayoyi, daga Dubai, yana canza wa motocin da aka sa wa manyan tayoyi. Hotunansa masu kyau ne: kwalaye a jere, ƙarfe yana ƙyalli, an rubuta lambar aksul 4.88 ɓaro-ɓaro a jiki. Yana karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ari garejin wani ya yi aikin da yamma, ya karɓi cikon ya tafi. Ni bakanike ne a cikin garin Katsina, kuma na buɗe aksul ɗin da ya ce ya gyara da hannuna. Damfara ce, wadda kuma za ta iya kashe wa mutum mota a tsakiyar daji. Ba zan kama suna ba, don sunan da yake amfani da shi ma canzawa yake yi tare da lambar waya.

Abin da ya sa mutane suke faɗawa hannunsa shi ne matsalar da yake magana a kai gaskiya ce. Mai zirga-zirga a hanyoyin ƙauyukan Mai'adua, Zango da Ɓaure, ko yankin Jibiya da Kaita, ya san yadda yashi yake riƙe mota, shi ya sa ake son babbar taya don ciki ya ɗaga. To amma tayar da Hilux da yawa suke zuwa da ita, 265/65R17, tsayinta wajen inci 30.6 ne. Ka cire ta ka sa mai inci 33, ka ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari ke nan. Idan aksul ɗinka 4.10 ne, wato farfela, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul, tana juyawa sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya, yanzu motar za ta riƙa ja kamar mai 3.80. Tashi ya yi nauyi, giya ta biyar ta zama ta ado, kulochi yana shan wahala a yashi, mai yana tafiya. Maleji ma ƙarya yake yi maka: yana nuna 100 alhali kana kusa da 108. Maganin shi ne a canza haƙoran aksul, kuma lissafin ba shi da wuya. Ka ninka lambar aksul ɗinka da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar. 4.10 da inci 33 zai ba ka 4.42, sai ka zaɓi 4.30 ko 4.56. Da inci 35 zai ba ka 4.69, nan ne ake maganar 4.88. Shi kuwa mutumin nan 4.88 yake sayar wa kowa, ko tambayar girman tayarka ba ya yi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja baya.

Babbar cutarsa, wadda ta fi ɓata mini rai, ita ce ya karɓi kuɗin aksul biyu ya canza na baya kaɗai. Na gaba sai ya wanke shi da fetur, ya shafa gam a bakin murfi kamar an buɗe, ya fesa baƙin fenti. Ya san abin da yake yi sarai. Hilux a cikin gari da ƙafafun baya kawai take ja, don haka mai mota zai fito ya taka totur daga Ƙofar Ƙaura, ya ji mota ta tashi kamar sabuwa, ya tura cikon kuɗi har da godiya. Asirin ba ya tonuwa sai ranar da aka sa oksilari, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. A lokacin farfela ta gaba da ta baya suna juyawa gudu ɗaya, amma aksul na gaba yana 4.10, na baya yana 4.88. Tayoyin gaba suna son su fi na baya gudu da kusan kashi 19 cikin ɗari. Kamar ka haɗa doki da sa a garma ɗaya ne. A yashi mai laushi tayoyi suna ɗan zamewa, sai abin ya ɓoyu, mutum ya ji dai mota tana haƙa tana gurnani. Da an hau ƙasa mai tauri babu inda ƙarfin zai fita, sai ya koma kan ƙarfe: ko shaf ɗin gaba ya karye, ko haƙora su kakkarye, ko akwatin oksilari ya tafi.

Wani dattijo daga Daura, mai kai kayan gona kasuwannin kan iyaka, an jawo masa motarsa haka. Da na sauke aksul ɗin gaba na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, matso ka ƙirga da kanka." Na sa alli a haƙori ɗaya, ya bi da yatsa yana ƙirgawa a hankali har ya dawo kan allin: 41 a kurawun, 10 a finiyo. Na ce masa wannan shi ne wanda Toyota ta sa, ba a taɓa shi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, to ni kuɗin me na biya?" Ya ciro waya ya nuna mini alat biyu. Ya kira lambar a gabana, a kashe.

Cuta ta biyu ita ce kayan da yake sawa a bayan ma ba sababbi ba ne. Na hannu ne, an wanke an goge, wani lokaci kurawun daga wata mota, finiyo daga wata. Waɗannan biyun kuwa tun daga masana'anta ake goga su da juna har su saba, tare ake sayar da su, galibi da lambar shaida iri ɗaya a jikin kowanne. Idan aka haɗa bare da bare, ko yaya aka saita sai sun yi kuka. Kuma shi ba ya ma saitawa. Aikin gaskiya yana buƙatar agogon awo don a auna ratar da ke tsakanin haƙora, wadda ba ta kai rabin milimita ba, a daidaita zurfin finiyo da washa, a ɗaure boris daidai, a shafa fenti a haƙora a juya a ga inda suke haɗuwa. Wannan ba aikin "Alhaji je ka yi la'asar ka dawo" ba ne. Duk wanda ya kore ka daga wurin lokacin da aksul yake a buɗe, akwai abin da ba ya son ka gani.

Don haka kafin ka biya ko sisi, a ajiye maka kayan a gabanka, saiti biyu, na gaba da na baya. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali, ko wadda aka buga a ƙarfe, don ana iya goge ta a buga wata. Haƙora za ka ƙirga, ka raba na kurawun da na finiyo. 41 da 10 shi ne 4.10. 43 da 10 shi ne 4.30. 41 da 9 shi ne 4.56. 39 da 8 shi ne 4.88. Ka duba fuskar haƙoran a rana: wanda ya yi aiki yana da sheƙi a inda ake gogayya, fenti ba ya ɓoye shi. Bayan an gama, a ba ka tsofaffin naka, saiti biyu cif. Wanda bai buɗe gaba ba, ba shi da na gaba da zai miƙa maka, nan zai fara kame-kame.

Wanda kuma ya riga ya shiga hannunsa, don Allah kada ya sa oksilari tukuna. Na baya kana iya dubawa a gida. A sa dutse a tayoyin gaba, a ɗaga tayar baya ɗaya a tokare motar da kyau, kada a dogara da jak kaɗai. A cire giya, a saki birkin hannu, a sa alli a taya da farfela. Juya tayar sau biyu cif, wani yana ƙirga juyin farfela. Idan ta yi huɗu da ɗan kaɗan, 4.10 ne, ba a canza komai ba. Idan ta kusa biyar, 4.88 ne. In tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, aksul ɗinka mai riƙe ƙafa biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau ɗaya. Na gaba kuwa ka kai wa bakaniken da ka sani ya duba, don tsarinsa ya bambanta daga mota zuwa mota. A kwance notin tsiyaye mai kuma a duba maganaɗisun da ke kansa. Ɗan baƙin gari mai laushi ba komai, amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, ko man yana ƙyalƙyali, haƙora suna cin juna ne. Ko aikin gaskiya aka yi ma, sabon saiti ana lallaɓa shi kimanin kilomita 800 na farko ba tare da kaya mai nauyi ba, sannan a zubar da man a sa sabo mai lambar GL-5. Mutumin nan bai faɗa wa ko ɗaya daga cikin waɗanda na gani haka ba.

Masu gareji 'yan'uwana, ku daina ba shi aron wuri. Shi zai tafi, ku mai mota zai dawo ya samu. Waɗanda ya cuta kuma ku ajiye alat, lambar asusun da kuka tura wa kuɗi, hotunan tallarsa da saƙonnin murya, ku kai wa 'yan sanda da bankinku, ku je tare in da hali, don ƙorafin mutum biyar ya fi na mutum ɗaya nauyi. A tura wannan ga direbobin da ke ƙauye waɗanda ba sa hawa intanet, a karanta musu, tun kafin damina ta sauka kowa ya fara sa oksilari.