Zagayen Rathcroghan: kogon da ake danganta Halowin da shi

Duk ɗan'uwanmu da ke zaune a Ayalan, yana ganin kabewa da kwarangwal ɗin roba sun cika kantuna a watan Oktoba yana tambayar daga ina bikin Halowin ya samo asali, ina ba shi shawara ya je Tulsk, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Roskomon. Cibiyar baƙi ta Rathcroghan tana can. Akwai ɗan ɗakin tarihi da wurin shan shayi, amma zagayen da jagora ke kai mutane cikin filaye shi ne ya ci kuɗinsa.

Da farko ido ba ya ganin komai sai ciyawa da shanu da tuddai. Sai jagoran ya tsayar da mu kan babban tudun, mai faɗin kusan mita 90, ya fara nuna mana abin da ke kewaye. Nan ce tsohuwar fadar masarautar Konat, wadda labaran gargajiya suka ce Sarauniya Medb ta mulka, kuma wuraren tarihi sama da 240 ne a warwatse a yankin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai nemi tsorata mu ba. Ya ɗauko bikin Sawin, tsohon bikin Ayalan da ake danganta Halowin da shi, daga tushe: daren 31 ga Oktoba, an gama kaka, an sauko da dabbobi daga makiyayar damina, an yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa ba, ga sanyi da dogon duhu a gaba. Mutanen da rayuwarsu ke rataye da rumbu da garke dole gabansu ya faɗi a irin wannan dare. Sun yi imani cewa shamakin da ke tsakanin duniyarsu da ta iskoki yana buɗewa, sai su hura manyan wuta. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyai a 1 ga Nuwamba. Yaran da ke ɓad da kama suna bi gida gida kuwa, tashe suka tuna mini. Kabewar ma a Amurka aka same ta. A Ayalan tanip, wata saiwa mai dunƙule da ake ci, ake fafewa a sa masa wuta, har 'yan gudun yunwar 1845 zuwa 1852 da waɗanda suka biyo su suka ƙetare da al'adar.

Sai kogon Oweynagat. Bakinsa ɗan rami ne a gindin shinge, ba a shiga sai da jan gindi. A kan dutsen da ke saman ƙofar akwai tsohon rubutun Ogam, zane ne na tsaga-tsaga, mai ambaton Fraech ɗan Medb. Ciki laka ce mai santsi, ruwa na ɗiga a wuya, sannan rufin ya ɗaga har mutum ya miƙe tsaye. Ta nan aka ce Morigan, allahiyar yaƙi a labaran gargajiyarsu, da dodanni ke fitowa a daren Sawin, shi ya sa marubutan Kirista na da suka kira shi ƙofar jahannama ta Ayalan. Ni ban yarda da wannan ba, amma da aka kashe tocila na gane abin da ya sa kakanninsu suka yarda.

A tafi da takalmin ruwa da tufafin da ba a jin asararsu. Wanda ƙuncin wuri ke damunsa ya tsaya a bakin kogon, bayanin jagoran yana isa har can. Filayen gonakin mutane ne, don haka a kama gurbi a zagayen jagoran tun da wuri, musamman ƙarshen Oktoba.