Daga Utrecht: famfon da ke jakar kekena

Assalamu alaikum Yaya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne a Holand kowa keke yake hawa. Gaskiya ne. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai akwai wurin ajiye kekuna da ke ɗaukar 12,500. Abin da ba za ka gani ba shi ne mai faci a bakin titi. A gida taya na sacewa sai ka tura keken zuwa gindin bishiya, a ba ka benci, kafin ku gama gaisawa an tsoma tiyub a ruwa an gano hujin. A nan sai shago, kuɗin aikin kan haura Yuro goma, galibi ƙarfe shida sun rufe, ran Lahadi kuwa da yawansu ba sa buɗewa. Shi ya sa duk mai doguwar tafiya da kayan aikinsa yake fita.

Kafin ka sayi famfo, bawul ake fara dubawa, domin iri uku ne. Kekunan cikin gari suna da Dunlop, irin na tsofaffin Raleigh da Phoenix ɗinmu. Na tsere suna da siririn nan, Presta, wanda sai ka warware ɗan kansa kafin iska ta shiga. Na uku irin na mota ne. Famfon da bakinsa bai dace da bawul ɗinka ba, kaya ne kawai ka ɗauko.

'Yan tsere sun fi son wata 'yar kwalbar ƙarfe mai iskar CO2, giram 16, tsawonta kamar ɗan yatsa. Ka ɗaura ta a bawul, ka murɗa, fuuu, taya ta cika nan take. Sai dai kwalbar na yin sanyi har ƙanƙara ta fito a jikinta, in ba ka naɗe ta da ƙyalle ba yatsu su ji jiki. Sau ɗaya ake amfani da ita. In facin bai kama ba, ko bakin ya goce iskar ta tsere, shi ke nan. Kuma wannan iskar tana saurin sulalewa ta jikin roba, washegari sai an sake ba tayar iska. Akwai kuma masu batir da ake caji kamar waya. Suna aiki, amma batir ba ya son sanyin hunturun nan.

Ni dai ƙaramin famfon hannu nake ɗauka, mai ɗan tiyo a baki, don kada jijjigar bugawa ta lanƙwasa bawul. Yana cin ƙarfi, kafin taya ta kai bar huɗu a ma'aunin iska ka yi gumi ko a watan Janairu, amma iskarsa ba ta ƙarewa. Tare da shi akwai sabon tiyub ɗaya, 'yan robobin cire taya, da jan gwangwanin Simson mai faci da sholisho. Cikin gari ma ba na damuwa, shagunan keke da yawa suna ajiye babban famfo a ƙofa, kyauta.

Kwalaben nan ba zan aiko maka ba, in sun ƙare ba ka da inda za ka samo wasu. Famfo mai baki biyu zan ba mai tahowa ya kawo maka, saboda ranakun da kake zuwa gona, inda ƙayar aduwa ta fi masu faci yawa. A gaida Inna da yara.